Kamfanin Tucker: Mota 51 Kacal Ya Ƙera Aka Rufe Shi

Kafin mu shiga labarin yau, kowa ya ɗauko biro da takarda mu yi wani ɗan lissafi. Kamfanin Toyota yana ƙera mota kimanin miliyan 10 a shekara. Ku raba wannan adadi da kwana 365, abin da kuka samu ku raba shi da awa 24, sannan da minti 60. Za ku ga ya kama mota 19 a kowane minti ɗaya, dare da rana. To kamfanin da za mu ba ku tarihinsa yau, tun daga kafa shi har ranar da aka yi gwanjon kayansa, mota 51 ya ƙera. Aikin da Toyota ke gamawa kafin minti uku ke nan. Duk da haka, shekara fiye da 70 bayan mutuwarsa, har yau ana gardama a kansa a Amurka. Wasu sun ce kashe shi aka yi, wasu sun ce shi ya kashe kansa. Sunansa Tucker Corporation, mazauninsa kuwa birnin Chicago.

Mai kamfanin shi ne Preston Tucker, wanda aka haifa a 1903 a wani ƙaramin gari mai suna Capac a jihar Michigan, jihar da Detroit take, wato cibiyar ƙera motoci ta Amurka. Maraya ne tun yana ƙarami, mahaifiyarsa malamar makaranta ita ta raine shi. Yana shekara 11 ya iya tuƙi. Ya yi masinja a kamfanin Cadillac, ya yi aikin ɗan sanda, ba don komai ba sai don ya samu damar hawa babur da mota masu gudu. Ana ba da labarin cewa ya taɓa huda dashbod ɗin motar 'yan sanda da wutar walda don zafin inji ya riƙa shigo masa lokacin sanyi, abin da ya sa aka hana shi tuƙa motocin hukuma. Daga baya ya koma dillancin motoci, kuma a nan ne baiwarsa ta fito fili. Tucker bai yi karatun injiniya mai zurfi ba, amma Allah ya ba shi baki. Idan ya fara kwatanta mota, sai mutum ya ji kamar yana cikinta.

A 1935 ya haɗa gwiwa da Harry Miller, gwanin ƙera motocin tsere, suka shawo kan kamfanin Ford ya ba su aikin motoci 10 don shiga shahararren tseren nan na Indianapolis. Lokaci ya ƙure musu, aka yi aikin cikin gaggawa. Huɗu ne kawai suka samu shiga tseren, kuma babu ko ɗaya da ta kai ƙarshe, saboda an ɗora akwatin sitiyari dab da bututun hayaƙi, zafi ya ƙone giris ɗin ciki, sitiyari ya cije. Ku riƙe wannan labari a ranku, domin za ku sake ganin irinsa. Gab da Yaƙin Duniya na Biyu kuma ya ƙera wata motar yaƙi mai sulke wadda ke gudun fiye da kilomita 160 a awa, amma sojojin Amurka ba su saya ba.

Yaƙin ne ya buɗe masa ƙofa. Daga watan Fabrairun 1942 gwamnatin Amurka ta dakatar da ƙera motocin farar hula, duk masana'antu suka koma yin tankokin yaƙi da jiragen sama da harsashi. Da aka gama yaƙi a 1945, mutane suna da kuɗi a hannu, motocinsu sun tsufa, ga sojoji suna ta dawowa gida. Manyan kamfanoni uku na Detroit, wato General Motors da Ford da Chrysler, ba su wahalar da kansu ba. Suka ɗauko samfurin 1942, suka ɗan sauya masa fuska, suka ci gaba da sayarwa, mutane kuwa na bin layi wata da watanni. Tucker ya duba ya ga kasuwa a buɗe take ga duk wanda zai zo da sabon abu na gaske, kuma ya san ba za ta daɗe a buɗe ba, don manyan suna nan suna shirya nasu sababbin samfura. Wannan ne asalin gaggawar da ta bi shi har ƙarshe.

Samfurin farko na kamfanin bai taɓa taka ƙasa ba, a takarda ya tsaya. Zane ne da wani mai suna George Lawson ya yi, aka buga shi a mujallu a 1946 da sunan Tucker Torpedo. Mota ce doguwa mai tsini kamar jirgin sama, direba a tsakiya, fuka-fukan gaba suna juyawa tare da taya. Jama'a suka ruɗe, wasiƙu suka yi ta kwararowa. Sai dai torpedo makami ne na nutsar da jiragen ruwa, kuma iyalai da yawa ba su gama makokin 'ya'yansu ba, don haka aka watsar da sunan, aka koma kiran motar Tucker 48, wato samfurin shekarar 1948. A ƙarshen Disambar 1946 Tucker ya ɗauki wani matashin mai zane, Alex Tremulis, ya ba shi kwana shida ya fitar da siffar da za a iya ƙerawa. Ya kuwa fitar.

Sai maganar wurin aiki. A Chicago akwai wata makekiyar masana'anta ta gwamnati inda kamfanin Dodge ya ƙera injunan jirgin yaƙi samfurin B-29. A lokacin ana lissafa ta a matsayin ginin masana'anta mafi girma a duniya. Gwamnati ta yarda ta ba Tucker haya, bisa sharaɗin ya nuna yana da jarin Dala miliyan 15. Shi kuwa ba shi da su. Ya ƙi neman manyan attajirai domin yana tsoron su ƙwace masa ragamar kamfanin, sai ya nufi talakawa. Ya sayar da hannun jari a kan Dala 5 kowane ɗaya, ya tara sama da Dala miliyan 15. Ya kuma sayar wa 'yan kasuwa kusan dubu biyu izinin zama dilolin motar, suka biya kuɗi, wasu har suka gina shaguna da gareji, alhali ko taya ɗaya ba su gani ba. 'Yan ajin kasuwanci su lura da kyau: wannan shi ne cinikin biri a sama.

Ranar 19 ga Yunin 1947 aka gayyato mutane fiye da dubu uku zuwa masana'antar don ganin motar gwaji ta farko. Ma'aikata sun laƙaba mata suna Tin Goose, ma'ana Dinyar Gwangwani. Da hannu aka buga bodinta da guduma, wani sashe ma daga jikin wata Oldsmobile ta 1942 aka yanko. A bayan labule kuwa abin ba daɗi. Ƙarafan da ke riƙe da tayoyi sun karye saboda nauyin motar, kanikawa suna ta fama, shi kuma Tucker yana kan dandamali yana ta jan jawabi don ya sama musu lokaci. Injin da aka sa mata ƙato ne, ya haura lita tara da rabi, ga ƙara kamar injin niƙa, ga wuyar tayarwa. Sai aka bar shi a kunne, aka ce wa makaɗan badujala su ƙara ƙarfi don kada baƙi su ji. Kuma motar ba ta yin ribas. Da aka yaye labule, jama'a suka ɓarke da tafi, domin ba su taɓa ganin mota mai kyanta ba. Amma labarin rashin ribas ya fita, ya kuma manne wa kamfanin. Ko bayan da motocin gaske suka fito suna ribas lafiya lau, mutane ba su daina cewa ai motar Tucker ba ta komawa baya ba.

Bari mu tsaya a kan Tucker 48 ɗin kanta, domin a nan ne mutumin ya cancanci yabo. Tsayinta daga ƙasa zuwa rufi mita ɗaya da rabi ne, ƙasa da yawancin motocin zamaninta. Ƙofofinta sun shiga har cikin rufi don kada mutum ya buge kai wajen shiga. Injin a baya yake, kamar na Volkswagen Beetle ɗin nan mai ƙusumbi da aka taɓa haɗawa a Legas, but kuma a gaba. Tana ɗaukar mutum shida a wadace. Salansa shida ne jere a bayanta. Abin da aka fi saninta da shi kuwa shi ne fitila ta uku a tsakiyar goshi. Idan direba ya murɗa sitiyari fiye da digiri 10, sai fitilar ta kama, ta juya ta haska cikin kwanar da za a shiga. An sa mata suna Idon Cyclops, wani dodo mai ido ɗaya a tatsuniyoyin Girkawa. A lokacin jihohi 17 na Amurka suna da dokar hana mota fitilun gaba fiye da biyu, don haka kamfanin ya yi wani murfi da ake rufe ta da shi. Ba Tucker ne ya fara wannan tunani ba, kamfanin Tatra na ƙasar Cekoslobakiya ya riga shi sa inji a baya da fitila a tsaka, amma ga mai sayen mota a Amurka baƙon abu ne.

Babban abin da ya bambanta Tucker da sauran shi ne ya damu da abin da ke faruwa ga mutum idan an yi haɗari. Waɗanda suka yi dokar Newton ta farko a ajin kimiyyar lissafi sun san cewa abin da ke tafiya zai ci gaba da tafiya sai in wani ƙarfi ya tsayar da shi. Saboda haka a kowane haɗari karo biyu ake yi. Na farko, mota ta daki bishiya ta tsaya. Na biyu, mutumin da ke ciki, wanda jikinsa bai tsaya ba, ya daki cikin motar. Karo na biyun nan shi ke kisa. Motocin wancan zamani dashbod ɗinsu ƙarfe ne tsagwaronsa, cike da maɓallai masu tsini, kuma kamfanoni ba sa son a ambaci haɗari ko kaɗan don kada a tsorata masu saye. Tucker ya lulluɓe dashbod da soso. Ya tattara maɓallai da agogo duka kusa da sitiyari. Ya yi gilashin gaba yadda zai fice waje gaba ɗaya idan kai ya buge shi, maimakon ya farfashe a fuskar mutum. Ya kewaye motar da firam na ƙarfe, ya ƙarfafa rufi saboda ƙundumbala, ya mayar da akwatin sitiyari bayan gatarin tayoyin gaba don kada sandar ta soke ƙirjin direba.

Akwai kuma dabarar da mu dai ba ta gamsar da mu ba. An bar wani fili a gaban fasinja, ƙarƙashin dashbod, wai idan mutum ya hango haɗari sai ya yi wuf ya faɗa ciki. Ku sake ɗauko biron nan. Motar da ke gudun kilomita 100 a awa tana cin kusan mita 28 a daƙiƙa ɗaya. Yaushe mutum ya gani, ya yanke shawara, ya duƙa? Abin da ya kamata a sa shi ne bel ɗin kujera, kuma an yi maganarsa a kamfanin, amma aka bar shi don gudun kada mutane su ce motar ba ta da aminci shi ya sa ake ɗaure su. Sai a 1959 kamfanin Volvo na Sweden ya fito da irin bel ɗin da muke ɗaurawa yau, sai kuma a 1968 dokar Amurka ta tilasta sa bel a sababbin motoci.

An gwada amincin motar ba da niyya ba. A 1948 aka kai wasu daga cikinsu filin tseren Indianapolis don gwajin juriya. Mai lamba 1027, wadda babban bakaniken kamfanin Eddie Offutt ke tuƙawa, ta ƙwace tana gudun kusan kilomita 150 a awa, ta yi ƙundumbala sau uku. Gilashin gaba ya fice kamar yadda aka tsara. Offutt ya fito da ƙafarsa da 'yan ƙujewa. Aka canja taya, aka tayar da motar, ta bar wurin da kanta.

Amma kafin a kai nan an sha wuya, kuma alkawura da yawa sun zube a hanya. An yi tallar burki mai faifai, ba a sa ba. An yi tallar inji mai fesa mai ba tare da kafireto ba, ba a sa ba. Ƙaton injin nan na Tin Goose, wanda aka so ya juya tayoyi da ƙarfin ruwan mai ba tare da giya ba, ya ƙi yin aiki, aka jefar da shi bayan an ɓata kusan shekara. Da neman mafita ya yi tsanani sai injiniyoyi suka ɗauko injin Franklin mai silinda shida, wanda aka yi don jirgi mai saukar ungulu samfurin Bell 47. Iska ke sanyaya shi a sama, su kuma suka sake masa tsari ya koma amfani da ruwa da lagireto. Ya ba da ƙarfin doki 166, kuma ya yi kyau ƙwarai, motar tana kaiwa wajen kilomita 190 a awa. Tucker ya ji daɗinsa har ya saye kamfanin da ke yin sa, Aircooled Motors na jihar New York, a kan Dala miliyan 1.8. Giya kuma fa? Babu. Sai aka bazama wuraren 'yan gwangwan ana neman tsofaffin motocin Cord na 1936 da 1937, ana ciro akwatin giyarsu ana gyarawa. Daga baya aka ƙera nasu mai suna Y-1 bisa tsarin na Cord ɗin, aka kuma gwada wata giya mai canja kanta, Tucker-Matic, a mota biyu.

Wannan ya sa ko da yake sunansu ɗaya, da wuya a samu Tucker 48 guda biyu da suka yi daidai da juna. An ba su lamba daga 1001 zuwa 1050, kuma ana ƙerawa ana gyara. An canja tsarin abin da ke riƙe tayoyi har sau uku. Daga 1001 zuwa 1025 tankin mai a baya yake, sai aka ga nauyi ya taru a baya da yawa, daga 1026 aka mayar da shi gaba, aka kuma ƙara tazarar tayoyin gaba da na baya da inci biyu. A gaskiya duk motocin gwaji ne, da hannu aka haɗa su ɗaya bayan ɗaya. Farashin da aka yi talla shi ne Dala 2,450, amma masu lissafi sun nuna da wuya a iya sayar da ita ƙasa da Dala 4,000 a ci riba. Ga kuma ƙarancin ƙarfe bayan yaƙi. Tucker ya nemi sayen masana'antar narka ƙarfe daga gwamnati har sau biyu, ba a ba shi ba.

Kuɗi suka fara ƙarewa, sai ya fito da dabarar da ta zama ajalinsa. Ya ce duk mai son motar ya sayi kayan ƙawarta tun yanzu, rediyo, ko rigar kujera, ko akwatunan tafiya, za a ba shi lamba a layin masu jira. Mutane suka saya, aka tara kimanin Dala miliyan 2. Ku kwatanta mutum yana zaune a gida da rediyon mota a kan tebur, motar kuwa ko ƙarfenta ba a narka ba. Hukumar kula da cinikin hannun jari ta Amurka, SEC, wadda muke da takwararta mai irin wannan suna a Najeriya, dama tana sa masa ido tun farko. Kuma tana da dalili, don a daidai lokacin akwai wani Gary Davis a California da ya karɓi kuɗin diloli a kan wata mota mai taya uku, ya ƙera 'yan ƙalilan, daga baya kotu ta ɗaure shi. A watan Yunin 1948 wani fitaccen ɗan jarida, Drew Pearson, ya faɗa a rediyo cewa ana binciken Tucker kuma asiri zai tonu. Hannun jarin da ke Dala 5 ya faɗo zuwa wajen Dala 2. Masu ba da bashi suka janye, masu kawo kaya suka ce sai kuɗi hannu. Hukuma ta kwashe takardun kamfanin, aka sallami ma'aikata fiye da dubu. Tucker ya buga buɗaɗɗiyar wasiƙa a jaridu yana zargin cewa wasu masu ƙarfi a harkar motoci ne ke yi masa zagon ƙasa. Zuwa watan Maris na 1949 kotu ta karɓe kamfanin daga hannunsa, a watan ne kuma jaridar Detroit News ta buga abin da ke cikin rahoton sirri na SEC, rahoton da shi Tucker ba a ba shi ya gani ba.

Lokacin da aka tsayar da aiki mota 37 aka kammala. Wasu ma'aikata masu kishi suka ci gaba da zuwa, wasunsu ba albashi, suka haɗa ƙarin 13 daga kayan da suka rage. Idan aka haɗa da Tin Goose, 51 ke nan.

A watan Yunin 1949 lauyan gwamnati Otto Kerner ya gurfanar da Tucker da abokan aikinsa bakwai bisa tuhuma 31, mafi yawansu na zamba ta hanyar gidan waya, wato aika wa mutane takardun yaudara don a karɓi kuɗinsu. An fara shari'a ranar 4 ga Oktoba. Hujjar gwamnati ita ce Tucker bai taɓa niyyar ƙera mota ba, tara kuɗi kawai ya zo yi, shi ya sa suka yi ta nanata maganar Tin Goose da guntayen Oldsmobile. Sun kira shaidu fiye da 70 cikin wata uku. Da aka zo kan lauyoyin Tucker, sai suka ce ba za su kira shaida ko ɗaya ba, domin ba a nuna wani laifi da za a kare ba. Kasada ce babba. A tsarin Amurka mutum 12 daga cikin jama'ar gari ake zaɓa su saurari shari'a su yanke ko an yi laifi. Waɗannan suka shafe awa 28 suna shawara, ranar 22 ga Janairun 1950 suka wanke dukkan mutum takwas daga dukkan tuhuma. Sai dai ihu ne bayan hari. Masana'anta ta tafi, ga bashi, diloli kuma sun shigar da ƙara suna neman kuɗinsu. A watan Oktoban 1950 aka yi gwanjon komai. Wani abin mamaki, shi Otto Kerner ya zama gwamnan jihar Illinois, ya zama alƙalin babbar kotun tarayya, sannan a 1973 aka same shi da laifi a wata badaƙalar hannun jarin filin sukuwa, aka ɗaure shi. Cikin laifuffukan har da zamba ta hanyar gidan waya.

To wa ya kashe kamfanin? Masoyan Tucker suna nuna yatsa ga manyan Detroit da kuma Sanata Homer Ferguson na Michigan, wanda ya matsa a binciki yadda aka ba shi masana'antar. Babu shakka an yi masa rashin adalci. Bai kamata rahoton sirri na hukuma ya isa hannun 'yan jarida kafin kotu ba, kuma an yanke masa hukunci a rediyo shekara ɗaya da rabi kafin a wanke shi. Amma a namu ganin, ko da ba wanda ya taɓa shi, da wuya ya kai labari. Duk abin da ya tara bai kai Dala miliyan 30 ba. Ku gwada da kamfanin Kaiser-Frazer da aka kafa a daidai wannan lokaci. Mai shi, Henry Kaiser, attajiri ne da ya ƙera ɗaruruwan jiragen ruwa lokacin yaƙi, ya tara sama da Dala miliyan 50 daga hannun jari, ya ƙera motoci dubu ɗaruruwa, amma zuwa 1955 ya daina yin motocin shiga a Amurka. Ƙera mota ɗaya mai kyau aikin gwanaye ne 'yan kaɗan. Ƙera dubu ɗari iri ɗaya, kowace ƙofa ta shiga kowane bodi, yana buƙatar manyan injunan matse ƙarfe, da ɗaruruwan kamfanonin da ke kawo kusoshi da waya da gilashi a kan lokaci, da kuɗin da za a yi ta zubawa shekara da shekaru kafin kwabo ya dawo. Tucker ya saye kamfanin inji alhali bai da giya, ya yi tallar abubuwan da injiniyoyinsa ba su gama ganowa ba, kamar dai yadda aka yi da motocin tseren 1935. Kotu ta ce shi ba ɓarawo ba ne, kuma mun yarda. Amma malamin makaranta ko ƙaramin ɗan kasuwar da ya zuba ajiyarsa a hannun jarin Dala 5, wanke Tucker da aka yi bai mayar masa da ko sisi ba.

Akwai samfura biyu da suka mutu a takarda. Tremulis ya zana wata mota, Talisman, wadda aka so ta biyo bayan Tucker 48. Shi kuma Tucker bai haƙura ba, ya yi ta zuwa ƙasar Brazil yana neman masu zuba jari don wata mota mai sauƙin kuɗi da sauƙin gyara da ya kira Carioca. Ana cikin haka aka gano yana da ciwon daji na huhu. Ya rasu ranar 26 ga Disambar 1956 a Ypsilanti ta jihar Michigan, yana da shekara 53.

Daga cikin motoci 51, guda 47 suna nan har yau, kuma da yawansu suna tashi. A 1988 Francis Ford Coppola, wanda mahaifinsa na cikin waɗanda suka yi asarar kuɗi a hannun jarin kamfanin, ya shirya fim mai suna Tucker: The Man and His Dream, Jeff Bridges ya fito a matsayin Tucker, aka tattaro motocin na gaske fiye da 20 suka fito a ciki. Fim ɗin ya ɗauki ɓangaren Tucker sosai, don haka wanda ya samu kallonsa ya tuna cewa fim ne. Tun daga nan farashin motocin ya yi ta hawa, a 2012 aka yi gwanjon mai lamba 1043 a kan Dala miliyan 2.9. Mai lamba 1039 tana gidan tarihi na Smithsonian a Washington, bayan jami'an tsaro sun ƙwato ta a wani samame na masu safarar miyagun ƙwayoyi. Mai lamba 1004 kuma tana Japan, a gidan tarihin motoci na kamfanin Toyota. Ita kuwa makekiyar masana'antar ta Chicago, Ford ne ya karɓe ta bayan Tucker ya yi injunan jirgin sama a ciki. Daga baya wani ɓangarenta ya zama kamfanin alewa na Tootsie Roll, ɗaya ɓangaren kuma ya zama rukunin kantuna da ake kira Ford City.